Katanga, ginshiƙi ko ƙaura: wanne ya fi wa garin da ke bakin teku?

A gaɓar jihar Tekzas ta Amurka akwai garuruwa biyu da labarinsu ya ishi mai wannan lissafi abin farawa. Indianola tashar jiragen ruwa ce da ta yi tashe, har tana ja da Galveston a harkar fatauci. A 1875 mahaukaciyar guguwa ta daka ta, mutanenta suka binne matattunsu suka sake gini a inda suke. A 1886 wata ta dawo, wannan karon har da gobara, sai kowa ya kama gabansa. Yau kufai ne, wani ɓangarensa ma yana ƙarƙashin ruwa.

Ita kuwa Galveston nata ya zo ne a watan Satumban 1900. Teku ya haye tsibirin, ya ci rayuka tsakanin 6,000 da 12,000. Su ba su tashi ba. Suka gina katangar kankare mai tsayin mita 5 tana fuskantar teku, sannan suka yi abin da ko a yau aka faɗa wani zai ce zuƙi ne: suka ɗaga garin. Gine-gine fiye da 2,000 aka sa wa jak irin na murɗawa da hannu, ma'aikata na tsugune a ƙarƙashi, kowa ya murɗa nasa kaɗan a lokaci guda don kada bango ya tsage. Har da wani katafaren coci mai nauyin tan 3,000 da aka ɗaga da jak 700. Sai aka riƙa zuƙo yashi haɗe da ruwa daga ƙasan teku, ana turo shi ta bututu ana cike ƙarƙashin gidajen. Shekaru mutane suka yi suna bin gadojin katako kafin su kai ƙofar gidajensu, cikin taɓo da wari. Da wata babbar guguwa ta zo a 1915, waɗanda suka mutu a cikin garin ba su kai ashirin ba.

Mai gaggawa zai ce ai magana ta ƙare, katanga ta yi nasara. To amma kasuwancin da aka yi duk wannan wahala dominsa ya zame ya koma Houston, can cikin ƙasa, bai kuma dawo ba. Kuma a 2008, da guguwar Ike ta zo, ruwan bai tsaya kokawa da katangar ba. Ta baya ya zagayo, ta ɓangaren da ba a kare ba, ya cika tsakiyar garin.

Zaɓin da ke gaban kowane gari na bakin teku har yanzu bai wuce uku ba. Ko a tare ruwan da katanga, ko a zauna da shi a koyi kauce masa, ko a bar masa wurin. Abin da ya canza shi ne ruwan kansa.

Mahaukaciyar guguwa abincinta ruwan ɗumi. Ba ta ƙulluwa sai zafin saman teku ya kai kimanin digiri 26.5 a ma'aunin Salsiyos, kuma ba a ba ta wannan suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Da yawa daga cikin manyan da ke faɗa wa Karibiyan da Amurka, hadari ne da ya taso daga Afirka ta Yamma ya faɗa Tekun Atilantika, ya yi ta ƙiba a hanya. Yanzu kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ke tarewa a duniya, teku ne ke shanye shi. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 bai ce yawan guguwar zai ƙaru ba, wannan kuskure ne da ake yawan yi. Cewa ya yi a cikin waɗanda za su zo, kason masu tsananin ƙarfi zai ƙaru, kuma za su fi zubar da ruwa, domin duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana ɗaukar ƙarin laima da kimanin kashi 7 cikin 100. Guguwar da aka sa wa suna Harvey ta zubar da ruwan sama fiye da milimita 1,500 a wani yanki na Tekzas cikin 'yan kwanaki a 2017. Otis kuwa, a watan Oktoban 2023, mutanen Acapulco na ƙasar Mekziko sun wayi gari ana ce musu matsakaiciya ce, kafin wata safiyar ta kai mataki na biyar, wanda babu na sama da shi, ta kuma riga ta sauka a kansu.

Sai hawan teku. Daga 1901 zuwa 2018 ya hau kimanin santimita 20. Taƙi guda ke nan, abin da mutum zai raina. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa taƙi guda a tsaye yana nufin ruwa ya ci gaba da tafiya mai nisa a kwance, kuma duk guguwar da ta zo a kan wannan taƙin take ɗora nata. Saurin hawan ma ya kusa ninka uku: daga milimita 1.3 a shekara a farkon ƙarnin da ya wuce zuwa 3.7 tsakanin 2006 da 2018. A wurare da yawa kuma ƙasar ce da kanta ke nutsewa, saboda an zuƙe ruwan ƙarƙashinta ko an hana kogi kawo mata laka, har nutsewar ta fi hawan tekun sauri.

Ana auna guguwa da iskarta, amma ruwa ne makashin. A Amurka, cikin shekaru hamsin daga 1963 zuwa 2012, kusan tara cikin goma na waɗanda guguwar ta kashe kai tsaye ruwa ne ya ci su, kuma kusan rabin duka tumbatsar teku ce. Wanda bai taɓa gani ba yana zaton igiya ce ɗaya da za ta zo ta wuce. A'a. Iska ce ke tura tekun gaba ɗayansa ya hau tudu ya zauna. Zai fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, kafin ka tattara takardunka ya kai gwiwa, firji ya tashi yana yawo a tsakar ɗaki, ka je buɗe ƙofa ta ƙi saboda abin da ke danne da ita ta waje. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan ɗaya ne cif.

Kafin a gwada hanyoyin nan uku, sai an raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: ceton rai, ceton dukiya, da ceton wurin kansa. Babu hanya ɗaya da ke yin duka ukun, kuma rabin gardamar da ake yi a kan wannan batu ta samo asali ne daga wani na maganar rai, wani na maganar gidan gado.

Katanga ita ce ke alkawarin duka ukun, shi ya sa 'yan siyasa ke son ta: ana ganinta, ana yanka mata kyalle. Misalin da ake kawowa kullum Holan ce. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum 1,836, ƙasar ta shafe fiye da shekara arba'in tana gina madatsu da ƙofofin ƙarfe a bakin kogunanta, ba a kammala ba sai 1997. Aikin ya yi kyau. Sai dai Holan ƙasa ce mai arziki, mahaukaciyar guguwa irin ta yankuna masu zafi ba ta zuwa mata, kuma tana da hukumomin ruwa da suka yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar harajinsu na kansu don kula da jinga. Mai son kwaikwayon Holan ya fara kwaikwayon harajin tukuna.

New Orleans ta jihar Luwiziyana a Amurka ta fi nuna fuska biyun katanga. Ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta zo, jinga da katangu suka ɓalle a wurare fiye da 50, wasunsu ma ruwan bai kai bakinsu ba suka kife, saboda an yi kuskure a zane da harsashi. Kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,300 suka mutu a duk yankunan da ta bi. Gwamnatin tarayya ta zuba kimanin dala biliyan 14.5 aka sake ginin. Shekara 16 daidai bayan haka, a wannan rana ta 29 ga Agusta, Ida ta zo da iskar da ta fi ta Katrina ƙarfi a lokacin sauka, katangun kuma suka riƙe. Wannan nasara ce ta gaske, kada a rage mata komai. Amma garuruwan da ke wajen zagayen, irin su LaPlace da Lafitte, sun sha ruwa har wuya, birnin kansa kuma ya kwana cikin duhu kwana da kwanaki.

Garin da aka zagaye da katanga ya zama kwano. Ruwan teku ba ya shiga, na sama kuma ba ya fita sai an zuƙe shi da inji, injin na son wuta ko mai, a daidai daren da wuta ta fi saurin ɗaukewa. Katangar tana da nauyi, tana zaune a kan taɓo, tana nutsewa a hankali; tun a 2019 injiniyoyin sojan Amurka da suka gina ta New Orleans suka sanar cewa in ba a ƙara mata tsayi ba, cikin 'yan shekaru za ta gaza matakin kariyar da aka yi ta dominsa. Shi kansa matakin, wanda ake cewa na ruwan shekara ɗari, yana ruɗin mutane. Ba wai sai bayan shekara ɗari zai zo ba. Nufinsa a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari, wanda in ka tara na shekara talatin, ya haura ɗaya cikin huɗu.

Aibin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani a jikin kankare. Da zarar an gina katanga hankali ya kwanta, filin da dā kowa ke tsoro ya yi daraja, a yanka shi a sayar, a gina gidaje da makarantu a kwarin da kakanni suka bar wa kwaɗi. Ranar da ta ɓalle, mutanen da ke bayanta sun ninka na ranar da aka gina ta. A Bangaladesh an ga wani salon na daban. Tun daga shekarun 1960 aka zagaye yankuna 139 na gaɓar ƙasar da jinga don a yi noma. Noma ya yi kyau, amma jingar ta hana kogi zuba lakar da ke ɗaga ƙasa kowace shekara, har wasu gonakin suka koma ƙasa da dajin da ke maƙwabtaka da su da kimanin mita ɗaya. Da guguwar Aila ta fasa jingar a 2009, akwai inda ruwan gishiri ya yi kusan shekara biyu yana shiga yana fita kullum.

Ita wannan Bangaladesh ɗin ce kuma ta fi kowa nuna abin da hanya ta biyu za ta iya. A 1970 guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta kashe kimanin 138,000. Sidr ta 2007 ba ta gaza su ƙarfi sosai ba, amma mamatan ba su kai 5,000 ba. Amphan ta 2020 kuwa, an kwashe mutum fiye da miliyan biyu, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba. Guguwar ba ta yi sauƙi ba, ƙasar ba ta tashi daga inda take ba. Abin da aka yi shi ne shirin da gwamnati da ƙungiyar Red Crescent suka kafa a farkon shekarun 1970, wanda yanzu yake da 'yan sa-kai fiye da 70,000.

Aikin nasu ba wani abin mamaki a cikinsa. Sanarwa ta zo ta rediyo ko waya, a ɗaga tuta a sanda, ɗan sa-kai ya hau keke da lasifikar hannu yana bin gida-gida, yana kiran mutane da sunansu domin ɗan ƙauyen ne. Mafakar gini ne na kankare a kan dogayen ginshiƙai, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Ranakun lafiya makaranta ce, saboda haka ba ta lalacewa don rashin amfani kuma kowane yaro ya san hanyarta. An lura mutane na ƙin tafiya don ba za su bar shanunsu ba, sai aka riƙa tara tudun ƙasa kusa da mafaka don dabbobi. An lura mata na noƙewa saboda cunkoso da maza da rashin banɗaki nasu, sai aka ware ɗakuna, aka kuma ƙara mata cikin 'yan sa-kan har suka kai kusan rabi. Waɗannan ƙananan gyare-gyaren su ne shirin. Myanmar, maƙwabciyarta, ba ta da irinsa a 2008, Nargis kuma ta tafi da kimanin mutum 138,000. Jihar Odisha ta Indiya ta rasa kusan 10,000 a 1999, ta ɗauki darasi; da Phailin ta zo a 2013 an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, mamata ba su kai 50 ba.

Gargaɗi kuma sai da harshen da ake ji. A Tacloban ta ƙasar Filifin, kafin Haiyan ta sauka a watan Nuwamban 2013, an yi sanarwa, amma kalmar Turancin da aka yi amfani da ita don tumbatsar teku ba ta ce wa mutane komai ba. Da yawa sun yi shirin iska, suka ɓuya a ɗakunan ƙasa, wasu ma a mafakar da ke kwari. Mutum fiye da 6,000 suka mutu a ƙasar baki ɗaya.

A ɓangaren gini, jihar Fulorida ta Amurka ta koyi nata bayan guguwar Andrew ta 1992, ta fito da dokar gini ta jiha baki ɗaya a 2002. Asirin ba ya wuce ɗauri: rufi ɗaure da bango da ƙarfe, bango ɗaure da harsashi, tagogi da ba sa fashewa, domin da zarar iska ta sami ƙofar shiga daga ciki take tura rufin sama. Hoton garin Mexico Beach na Fulorida bayan guguwar Michael ta 2018 ya zagaya duniya, gida ɗaya tsaye a kan dogayen ginshiƙan kankare, kewayensa an share kamar da tsintsiya. Talaka ba zai iya wannan gidan ba, amma zai iya ƙara ƙusa, ya rage tsawon bakin rufi, ya yi rufi mai gangara huɗu maimakon biyu. Kurmin mangurob ma, itatuwan nan masu saiwa a waje da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, yana cikin wannan lissafi: a guguwar Odisha ta 1999, ƙauyukan da ke da kurmi mai faɗi tsakaninsu da teku sun fi ƙarancin mamata. Yana da araha, yana tara laka, yana renon kifi. Sai dai yana son fili da shekaru, kuma siririn layi ba ya tare babbar tumbatsa.

Iyakar wannan hanya a bayyane take. Tana ceton rai fiye da kowace, da kuɗi ƙasa da na kowace, amma mutum zai sauko daga mafaka ya tarar gona ta sha gishiri, tafkin sha ya gurɓace, kwalekwale ya karye. Sau ɗaya a jure, sau biyu a ci bashi, na uku sai a ga ƙofa a rufe an ce sun tafi Dhaka neman aikin ƙarfi. Gidan da ke kan ginshiƙi ma yana bukatar hanya, da wuta, da ramin masai da ruwa bai cika ba. A Puerto Rico bayan Maria ta 2017, an ƙiyasta mamata 2,975, kuma mafi yawansu ba ranar guguwar suka mutu ba, a watannin da suka biyo baya ne, lokacin da asibitoci da masu jinya a gida suka rasa wuta. Sai da aka yi kusan wata 11 kafin ta dawo wa kowa.

Saura ƙaura, wadda ba mai son a ambata a taron gari. Ita kaɗai ce ke raba mutum da haɗarin tumbatsa har abada, ita ce kuma aka fi ɓatawa wajen aiwatarwa. Bayan guguwar Hattie ta ragargaza birnin Beliz, na ƙasar Beliz da ke Amurka ta Tsakiya, a 1961, gwamnati ta gina sabon babban birni, Belmopan, kimanin kilomita 80 cikin ƙasa, ta koma can a 1970. Ofisoshi sun tashi, jama'a ba su bi ba. Har yau tsohon birnin ne mafi girma, yana nan a bakin ruwa, domin can tashar jirgi take, can kasuwa take. A Tacloban an haramta gini a mita 40 daga bakin teku, aka gina dubban gidaje a arewacin birnin, tafiyar fiye da kilomita 10. Masunci ya tashi da asuba ba teku a gabansa, kuɗin mota ya cinye ribar kifin, ruwan sha sai tanka ta kawo. Da yawa suka koma suka kafa rumfunansu a inda aka hana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Inda abin ya yi kyau, kusan kullum mutanen ne suka nema da bakinsu. A unguwar Oakwood Beach ta New York, bayan Sandy ta 2012, mazauna ne suka haɗa kai suka je wa gwamnatin jiha da bukatar a saye gidajensu. Aka saye kusan 300 a kan farashinsu na kafin guguwa, aka rushe, aka bar wa ciyawa da ruwa. A Fiji, ƙauyen Vunidogoloa ya gwada katanga, teku ya cinye ta, sai dattawansa suka nemi a taimaka musu su tashi. A 2014 suka koma tudu, tafiyar kimanin kilomita 2, a kan ƙasar danginsu, da katakon dajinsu da ƙarfin samarinsu, kowa da maƙwabcinsa na dā. Duk da haka an yi tuntuɓe: gidaje talatin ɗin da aka gina ba ko ɗaya mai ɗakin girki, abin da da an zauna da matan ƙauyen tun farko ba zai faru ba.

Tsada da jinkiri su ne sauran ciwon. Tsibirin Isle de Jean Charles a Luwiziyana ya rasa kashi 98 cikin 100 na ƙasarsa tun daga 1955. A 2016 aka ware dala miliyan 48 don sake wa mazaunansa matsuguni, gidajen da ba su kai hamsin ba, kuma sai a 2022 na farko suka tare, bayan doguwar taƙaddama tsakanin shugabannin ƙabilar 'yan asalin tsibirin da hukumomin jiha kan wa ke da ta cewa. Shirin sayen gidaje na gwamnatin Amurka ya sayi fiye da 40,000 tun daga 1989, amma yawanci sai an yi shekara biyar ana jiran takarda. Wa zai zauna shekara biyar a gidan da ruwa ya ci? Gyarawa zai yi, in ya gyara kuma ya fasa tafiya. Kada kuma a ɗauka duk tudu tsira ne. Helene ta 2024 ta kashe mutum fiye da 100 a jihar Karolina ta Arewa, akasari a yankin duwatsu, ɗaruruwan kilomita daga teku, Freddy ta 2023 kuma ta fi yin ɓarna a Malawi, ƙasar da ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya. Wanda ya bar bakin teku ya koma bakin rafi ko gindin dutse mai zaftarewa, an gudu ne ba a tsira ba.

In ku ne wannan zaɓi ke gabanku, ga yadda nake ganin abin. Gargaɗi da mafaka ba sa cikin abin da ake zaɓa; ko za ku yi katanga, ko za ku tashi nan da shekara goma, su ne farko, kuma duk shugaban da ya fara maganar kankare alhali babu hanyar da tsohuwa za ta bi ta kai tudu cikin awa guda, ya sa keke a gaban doki. Bayan wannan, ku fara tambayar ƙasar kanta: tana nutsewa, kuma da wane sauri? In tana nutsewa da santimita a shekara, katanga ƙarin wa'adi ce kawai, sai ku san shekara nawa ne wa'adin kuma me za ku yi a cikinsa. Ku ƙirga mutum nawa ne za su kwana a bayan kowace kilomita ta katangar. Babban birni mai tashar jirgi da miliyoyin jama'a ba shi da inda za shi, dole ya kare kansa, kuma yana da masu biyan harajin da za su riƙe aikin. Ƙauye mai gida ɗari biyu a kan zirin yashi ba zai taɓa samun wannan ba, in ma an yi masa, jibgin duwatsu ne da ba mai dawowa ya duba. Ku tambayi wanda zai biya gyara bayan shekara talatin, ba wanda zai biya gini ba. Mai ba da tallafi yana son ranar buɗewa, ba ya zuwa ranar da ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa.

Ga matsakaitan garuruwa da ƙauyukan masunta, abin da na fi yarda da shi ja da baya ne a hankali, ba tashi rana ɗaya ba. A nemi tudu mafi kusa tun filinsa bai yi tsada ba. Duk abin da za a gina sabo mai dogon kwana, makaranta, asibiti, rijiyar burtsatse, maƙabarta, a kai shi can. Sababbin ma'aurata a ba su fili can. A bar wa masunci rumfarsa da wurin ɗaure jirgi da shanya koma a bakin ruwa, iyali da kayan daraja su kwana a sama. Gida biyu maganin gobara, maganin ruwa ma haka. Kuma a rubuta tun yanzu, kowa ya ji ya yarda, wane layi ne in guguwa ta rushe shi ba za a sake ginawa ba, da abin da za a ba mai shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: mako biyu bayan guguwa ba wanda ke da zuciyar shawara, kowa kwano da ƙusa yake nema, kuma inda tsohon harsashi yake nan zai kafa.

Duk wannan lissafi yana komawa ga aljihu, aljihun kuma ba ɗaya ba ne. Maria ta yi wa tsibirin Dominika ɓarnar da ta kai kashi 226 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, cikin dare ɗaya. Asusun biyan asara da ɓarna da aka amince da shi a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Sharm el-Sheikh na 2022, alkawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 kimanin dala miliyan 700 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da aka kashe wa New Orleans ita kaɗai ba. Bayan Idai ta 2019, Mozambik ta ce tana bukatar dala biliyan 3.2 don sake gini, masu ba da tallafi suka yi alkawarin 1.2. Birninta na Beira, da guguwar ta daka, mai mutum kusan rabin miliyan, ba shi da kuɗin katanga irin ta Holan, ba shi kuma da inda zai kwashe jama'arsa. Abin da ya samu ya yi kafin guguwar shi ne gyaran manyan magudanu da sake buɗe bakin rafin Chiveve da ya toshe. Unguwannin da magudanun suka ratsa, ruwa ya janye musu da wuri. Kwanon rufi kuwa, iska ba ta tambayi unguwa ba.